Su wa za a ƙirga cikin manyan mutanen Ibadan?

Shugaban Zaure:
Assalamu alaikum jama'a. Garin da za mu ɗauka a wannan mako shi ne Ibadan, ko Badun a bakin iyayenmu fatake. Nan ne hedikwatar Jihar Yamma tun ƙasar tana kashi uku. Da Janar Gowon ya yanka jihohi 12 a 1967 garin bai rasa matsayinsa ba, sai a 1976 da Murtala ya raba jihar zuwa Oyo da Ogun da Ondo, Ibadan ya tsaya a babban birnin Oyo. Tambayar ita ce, su wa za a ƙirga cikin manyan mutanen wannan gari? Ni dai da Obafemi Awolowo zan fara. A Ibadan ya yi Firimiya daga 1954 zuwa 1959. A nan ya fara ba da ilimin firamare kyauta a 1955. A nan aka buɗe gidan talabijin na WNTV a 1959, tun kafin Legas ko Kaduna su samu nasu. Jaridar Tribune da ya kafa a 1949 har gobe daga Ibadan take fitowa. Bismillah, kowa ya kawo nasa.

Ɗan Sabo:
Wa alaikumus salam. Shugaba, a nan aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, don haka bari in faɗa maka abin da tsofaffin Yarbawan Oja'ba da Beere za su ce maka. Awolowo mutumin Ikenne ne. Ya zauna a Oke-Ado, ya yi lauya, ya yi mulki, duk gaskiya ne. Amma a shekarun da yake Firimiya, talakan cikin gari ba shi yake bi ba. Adegoke Adelabu yake bi. Shi ne ɗan gida, Musulmi, haifaffen 1915, ɗan jam'iyyar NCNC. A 1954 ƙungiyarsa ta kayar da jam'iyyar Awolowo a zaɓen majalisar garin Ibadan, wato a ƙofar gidan Firimiya. Ya yi ministan tarayya, ya yi jagoran 'yan adawa a majalisar Jihar Yamma. Da ya rasu a hatsarin mota a hanyar Legas a watan Maris na 1958 yana da shekara 42, gari ya kama da wuta. Magoya bayansa suka ƙi yarda hatsari ne, aka ƙona gidaje, aka rasa rayuka. In ana maganar wanda Ibadan ta so, Adelabu ne na ɗaya.

Shugaban Zaure:
Ban musa farin jinin Adelabu ba. Amma me ya bari da za a nuna yau? Filin wasa na Liberty yana nan, yanzu ma sunan Awolowo yake ɗauke da shi. Yaran da suka shiga makaranta kyauta a 1955 su ne suka riƙe ƙasar nan daga baya.

Ɗan Sabo:
Wanda yake riƙe da baitulmali shi ke gini, ɗan adawa bakinsa kawai gare shi. Kuma kuɗin na manoman koko ne. Gidan Cocoa House mai hawa 26 da aka buɗe a 1965, sunansa ma ya faɗi daga inda kuɗin ya fito. Manoman nan ne kuma suka yi boren Agbekoya a 1968 da 1969 kan haraji, har suka fasa kurkukun Agodi suka saki 'yan'uwansu. Jagoransu Tafa Adeoye bai yi boko ba, amma sai da Awolowo ya taka da ƙafarsa ya je ya same shi kafin a yi sulhu. Shi ma a sa shi a lissafi.

Maman Hanifa:
Ni kafin mu yi nisa ina so a fayyace abu ɗaya. Me ke sa a ce mutum na gari ne? Haihuwa? In haihuwa ce, mawaƙiyar nan ta Ingila, Sade Adu, a Ibadan aka haife ta a 1959, tana ƙarama aka tafi da ita. Za a sa ta gaba da wanda ya ƙare rayuwarsa yana wa garin hidima don kawai cibiyarsa ba a nan aka binne ta ba?

Malamin Tarihi:
Hajiya, kin taɓo inda maganar take. Ibadan na daga cikin garuruwan da wannan tambaya ba ta da wuyar amsa, domin garin kansa baƙi ne suka kafa shi. Akwai labarin Lagelu, wanda ake cewa shi ya kafa tsohon gari, amma Ibadan da muke gani yau ya samo asali ne wajen 1829, bayan daular Oyo ta wargaje. Mayaƙa daga Ife da Ijebu da Oyo suka yi sansani a kan tsaunukan nan, sansani ya zama gari. Duk wanda ya ji yana da ƙarfi da zuciya, daga ko'ina yake a ƙasar Yarbawa, sai ya nufo Ibadan. Ba a tambayar wane ne ubanka, abin da ka yi a fagen fama ake dubawa.

Ku duba manyan ƙarni na 19. Oluyole jinin Oyo ne. A zamaninsa ne, a 1840, rundunar Ibadan ta kai wa dakarun Ilorin farmakin dare a Osogbo ta karya su, abin da ya tsayar da dawakin Ilorin daga kutsawa kudu. Ogunmola daga wani ƙauye ya zo ba shi da komai, ya hau har ya zama Basorun, wato jagoran gari, shi ne gwarzon yaƙin Ijaye na 1860 zuwa 1862. Latosa daga Ilora ya zo, Musulmi ne, ya kai muƙamin Are Ona Kakanfo, babban kwamandan yaƙin Yarbawa. Shi ya jefa Ibadan cikin yaƙin shekara 16 da aka fi sani da Kiriji, ya rasu a sansanin yaƙi a 1885, ba a rufe maganar ba sai 1893 da Turawan Ingila suka shigo. To in aka ce a cire duk wanda ba haifaffen gari ba ne, waɗannan ukun ma sai a cire su, kuma su ne Ibadan ɗin.

Ɗan Sabo:
Malam, wannan hujjar ni ta fi yi wa amfani. Zan dawo kanta.

Abban Sadik:
Malam, don Allah yi mana bayanin sarautarsu. Na ji an ce ba gidan sarauta a garin.

Malamin Tarihi:
Haka ne, kuma daga wancan asali na sansani abin ya fito. Babu gida ɗaya da ya mallaki sarautar Olubadan. Layi biyu ne, na Otun wato ɓangaren farar hula, da na Balogun wato ɓangaren mayaƙa. Mutum yakan fara da zama shugaban zuri'arsu, Mogaji. In aka ɗauke shi aka ba shi sarautar Jagun, ya taka matakin farko ke nan. Daga nan duk sanda na gabansa ya rasu sai ya matsa gaba, matakai sama da 20 a kowane layi. Gadon sarauta kuma yana zagayawa tsakanin layukan biyu. Saboda haka tun sarki yana raye kowa ya san wanda zai gaje shi. Illarsa ita ce ba a kaiwa sai an tsufa. Oba Owolabi Olakulehin ya hau a watan Yuli na 2024, ya rasu a Yulin 2025 yana da shekara 90. Wanda ya gaje shi, Rashidi Ladoja, Olubadan na 44, yana da 81 aka naɗa shi a zauren taro na Mapo a watan Satumba na 2025.

Abban Sadik:
Wallahi tsarin ya burge ni. Mu da muke ganin 'yan'uwan jini suna jan juna kotu kan rawani, akwai abin dubawa a nan.

Malamin Tarihi:
Su ma ba su tsira gaba ɗaya ba. A 2017 Gwamna Ajimobi ya ɗaga darajar manyan hakiman garin ya ba su kambi, Ladoja, wanda a lokacin yana cikin hakiman, ya ƙi karɓa ya tafi kotu, ya ce za a ɓata layin. An daɗe ana wannan ja-in-ja.

Baba Mai Goro:
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ke rubuta mini, ni ina faɗa. Na ji kuna ta kiran sunayen masu mulki da mayaƙa. Madalla. Amma ban ji wanda ya ambaci Sabo ba sai yaron nan da ya sa shi a sunansa.

An yanka wa Hausawa unguwar Sabo a 1916. Kafin nan mutanenmu a gidajen Yarbawa suke sauka a cikin gari. Jirgin ƙasa ya iso Badun a 1901, zuwa 1912 an haɗa layi har Kano, daga nan harka ta buɗe. Shanu su gangaro, goro ya hau. Wanda ya riƙe wannan harka shi ne maigida. Ku yaran yanzu in an ce maigida kuna zaton mai aure ake nufi. Maigidan Sabo shi ne wanda baƙo zai taso daga Katsina ko Azare ko Maraɗi da shanunsa ya sauka a hannunsa. Ya ba shi ɗaki, ya ba shi tuwo safe da dare, ya ajiye masa kuɗinsa. Dillalan maigida su kai shanun kara. Mahautan Yarbawa ba su biya a take, bashi suke ɗauka, sai sun yanka sun sayar. Babu takarda, babu sa hannu. Maigida ne ya san wane mahauci ne mai cika alkawari, wane ne ya fara tangal-tangal, shanu nawa zai iya ɗauka. In mahauci ya ci kuɗin, maigida ne zai biya baƙonsa daga aljihunsa, in ba haka ba labari ya kai Arewa, ba mai sake sauka gidansa.

Goro kuma ni na yi shi da hannuna. A shiga ƙauyukan kurmi a saya, mata su ɓare su wanke, a bar shi ya tsane. Sannan a zauna a tsince ɗaya bayan ɗaya, marsa gefe, minu gefe, fari daban, ja daban. Wanda sankara ta taɓa a fitar da shi tun da wuri, don guda ɗaya ya isa ya lalata huhu. A shimfiɗa ganye, a jera, a rufe, a ɗaure da igiya tamau. In ka yi sakaci iska ta shiga, kafin ya kai Kano ya bushe, uwar kuɗi ta tafi. Goron da aka raba a ɗaurin auren iyayenku da sunan da aka raɗa muku, da yawansa ta hannun mutanen Sabo ya bi.

Waɗannan masu gida su ne manyan Badun a wurina. Sun ciyar da dubban mutane, sun gina masallatai, sun riƙe almajirai da malamai, sun aurar da marayu. Ba a sa sunansu a titi ba.

Maman Hanifa:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Wallahi wannan bayani ya shige ni.

Ɗan Sabo:
Allah ya ja kwana Baba. Abin da na ce zan dawo kansa ke nan. Malamin Tarihi ya ce Ibadan garin baƙi ne, wanda ya zo ya yi abin kirki ya zama ɗan gari. To mu fa? Sama da shekara 100 muna nan. Yarbancin bakina ya fi na wasu 'yan unguwar Bodija da suka tashi da Turanci. Amma in na je neman takardar shaidar ƙaramar hukuma sai a ce in tafi garinmu. In na je garin kakana kuma a ce ga ɗan Yarbawa ya zo. Ƙofar da aka buɗe wa Ogunmola da Latosa ba a buɗe mana ita ba.

Malamin Tarihi:
Gaskiya ce mai ɗaci, amma a faɗi ɗaya gefen. Ware Sabo ba Turawa da sarakunan gari kaɗai suka so shi ba. Manyan Hausawa na lokacin ma sun so, domin zama wuri ɗaya ƙarƙashin Sarkin Hausawa shi ya tsare musu cinikin shanu da goro daga hannun wasu. A shekarun 1950 da ɗariƙar Tijjaniyya ta yi ƙarfi a unguwar, mutanen Sabo suka koma yin Juma'a a masallacinsu, suka bar na cikin gari. Katangar daga ɓangare biyu aka gina ta. Kuma mu tambayi kanmu, Bayarben da kakansa ya zauna a Sabon Garin Kano ko Tudun Wadar Zariya, muna ba shi takardar?

Ɗan Sabo:
Ba a ba shi, kuma shi ma zalunci ne. Ni duka biyun nake ƙi.

Na Kan Hanya:
Ni direba ne, tumatir da albasa nake saukewa a garin nan tun ina yaron mota. Ba wanda ya ambaci Baba Adedibu, jigon siyasar garin. Na shiga gidansa a Molete da idona na gani. Tsakar gida cike da mutane, tukwane a kan wuta tun safe, ana kwasar amala da miyar wake da ayoyo, kowa ya zo a zuba masa, ba a tambayar ƙabilarka. Mai neman kuɗin asibiti yana layi, mai neman belin ɗansa yana layi. Har ya rasu a 2008 haka gidan yake. Wannan ba babban mutum ba ne?

Ɗalibar UI:
Yayana, ban ƙaryata abin da ka gani ba. Amma ka tambayi daga ina kuɗin amalar ke fitowa. Adedibu ne ya tsaya wa Ladoja ya ci gwamna a 2003. Da suka ɓata, shi da bakinsa ya fito ya ce gwamna ba ya ba shi kasonsa. A watan Janairu na 2006 'yan majalisa 18 cikin 32 suka tsige Ladoja, alhali adadin bai kai abin da tsarin mulki ya ce ba. Sai da Kotun Ƙoli ta mayar da shi a Disamba na wannan shekarar. Tsakanin nan 'yan daba da 'yan tasha sun yi ta'adi a gari, mutane sun ji jiki. Mutumin da zai ciyar da kai da rana ya tura yara su fasa akwatin zaɓenka, ni ba zan kira shi gwarzo ba.

Na Kan Hanya:
Ƙanwata, wanda bai kwana da yunwa a tasha ba ba zai gane ba. Gwamnonin da kike karewa, wa suka ciyar?

Ɗalibar UI:
Ba gwamna nake karewa ba. Cewa nake da kuɗin sun tafi inda ya kamata, da ba sai ka je gidan wani ka yi layi ba.

Shugaban Zaure:
A bar shi a lissafi a matsayin sananne, kowa ya riƙe hukuncinsa. A zamanin nasa akwai Alhaji Arisekola Alao, Aare Musulumi, wato jagoran Musulmi na ƙasar Yarbawa, attajiri, wanda ya rasu a 2014. Shi ma an san shi da kyauta da kai mutane Makka, shi ma an soke shi kan kusancinsa da Janar Abacha.

Maman Hanifa:
Tun ɗazu maza kawai ake kira. Efunsetan Aniwura fa? Asalinta Egba ce, ita ma baƙuwa. Ta zo Ibadan ta yi kasuwanci har ta zama Iyalode, shugabar matan gari, tana zama a majalisa da manyan mayaƙa. Tana da gonaki da bayi masu yawa, tana ba mayaƙa bindiga da albarushi bashi. Da Latosa ya matsa da yaƙe-yaƙe ba hutu ta ja baya ta ƙi ci gaba da ba da kaya, sai aka tuɓe ta, aka kashe ta a 1874. Abin da ya fi yawo a bakin mutane shi ne muguntarta ga bayinta, ana cewa ta canza ne bayan 'yarta tilo ta rasu wajen haihuwa. Amma masana irin su Farfesa Bolanle Awe, wadda ita ma a Jami'ar Ibadan ta yi aikinta, sun nuna cewa siyasa ce ta ci ta. Mace ce da ta fi ƙarfin a juya ta.

Malamin Tarihi:
Haka ne Hajiya. Sai dai kada mu wanke ta tas. Dukiyar manyan Ibadan na wancan ƙarni, maza da mata, a kan bayi ta tsayu, kuma cikin bayin akwai Hausawa, su ne ma aka fi ba kiwon dawaki. Mutanenmu sun riga Sabo zuwa garin, wasu da ƙafarsu, wasu a ɗaure.

Tsohon Soja:
Ni mutum ɗaya nake so a ambata da girmamawa, Samuel Ladoke Akintola. Ɗan Ogbomoso ne, amma ya yi ƙuruciyarsa a Minna, yana jin Hausa. Ya gaji Awolowo a kujerar Firimiya a 1959, suka ɓata a 1962, ya ƙulla ƙawance da Sardauna. Ranar 14 ga Janairu 1966 ya je Kaduna ya gana da Sardauna, ya koma Ibadan. A daren nan aka kashe su duka biyun. Shi bai miƙa wuya ba, ya ɗauki bindiga ya yi ta musayar wuta da sojojin da suka zo gidansa har aka harbe shi. Kwamandan bataliya ta 4 da ke Ibadan a lokacin, Laftanar Kanar Abogo Largema, ɗan Borno, shi ma a daren aka kashe shi a otal a Legas. Wa ke tuna Largema yau?

Ɗalibar UI:
Baba, Allah ya ji ƙan Largema da duk waɗanda aka kashe. Amma a Ibadan sunan Akintola yana tafe da zaɓen Oktoba 1965, wanda aka yi wa maguɗi a fili, aka shiga ƙone-ƙone ana watsa wa mutane fetur. Mu muna ganinsa aminin Sardauna, da yawansu suna ganinsa wanda ya jawo wa Jihar Yamma bala'i. Kuma in an ambaci Janairu sai a ambaci Yuli. A gidan gwamnati na Ibadan sojojin Arewa suka kama Janar Ironsi da mai masaukinsa, Gwamna Adekunle Fajuyi, ranar 29 ga Yuli 1966, aka kai su wajen Lalupon aka kashe. Yarbawa suna girmama Fajuyi a matsayin wanda bai rabu da baƙonsa ba har mutuwa.

Tsohon Soja:
'Yata, ba ki ga abin da ya biyo bayan Janairu ba. An kashe mana Firimiya da Firayim Minista da manyan hafsoshi, wata shida ba a gurfanar da kowa ba.

Ɗalibar UI:
Na yarda Baba, zalunci ne babba. Fajuyi dai ba shi ya kashe su ba.

Shugaban Zaure:
Jama'a mu sassauta. An ambaci Akintola, an ambaci Largema, an ambaci Fajuyi, duka jininsu ya haɗa da tarihin garin. Maganar 1966 za mu ware mata mako nata.

Malamin Tarihi:
Bari in ɗan karkatar da mu zuwa abin da ya fi daɗi. Akwai ranar da manyan Arewa suka yi tsayuwar da ta canza ƙasar nan, kuma a Ibadan aka yi ta. A babban taron tsarin mulki na Janairu 1950, wakilan Arewa suka ce sai an ba Arewa rabin kujerun majalisar tsakiya. Sarkin Zazzau Ja'afaru ya ce in ba haka ba Arewa za ta nemi a raba ta da sauran ƙasar, Sarkin Katsina Usman Nagogo ya mara masa baya. Daga baya aka ba da rabin. Abubakar Tafawa Ɓalewa yana cikin wakilan.

Sai jami'a. An buɗe ta a 1948, ita ce ta farko a Najeriya, ABU ba ta zo ba sai 1962. Kenneth Dike ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabance ta. Chinua Achebe da Wole Soyinka duk sun zauna a azuzuwanta. 'Yan Arewa kaɗan ne suka samu shiga a farkon lokaci, amma ba su ba da kunya ba. Iya Abubakar ya karanta lissafi a nan kafin ya wuce Cambridge, daga baya ya shugabanci ABU. Adamu Ciroma ya gama digirin tarihi a 1961, ya zo ya yi editan New Nigerian da gwamnan Babban Banki. Jibril Aminu ya fito likita a 1965 da sakamakon da aka daɗe ana labarinsa. Ibadan na da haƙƙi a kan Arewa ta wannan fuska.

Ɗan Tudun Wada:
Duk kun gama? To ni nawa Rashidi Yekini ne, kuma shi ne amsar tambayar Hajiya. A Kaduna aka haife shi a 1963, asalin iyayensa Ira ta Jihar Kwara, Hausa a bakinsa kamar ni da ku. Ya fara da ƙungiyar masaƙar UNTL ta Kaduna, Shooting Stars ta Ibadan ta ɗauko shi, ya kai su wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 1984 inda Zamalek ta doke su. Gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 1993. Shi ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya, a ragar Bulgeriya a 1994, ya shiga cikin ragar ya riƙe ta yana kuka. Ƙwallo 37 ya ci wa ƙasa. Da ya gama yawon Turai bai zauna Legas ko Abuja ba, Ibadan ya dawo, yana zuwa filin wasa shi kaɗai yana motsa jiki, yana rabar da abin hannunsa. A nan ya rasu a watan Mayu na 2012 cikin yanayin da har yau yake min ciwo. Kaduna ta haife shi, Kwara ta binne shi, amma Ibadan ya zaɓa.

Na Kan Hanya:
Allah ya ji ƙan Yekini. A nan kam ba gardama.

Abban Sadik:
Ɗan Sabo, yaya zaman yake yanzu bayan rikicin Hausawa da Yarbawa a kasuwar Shasha da ke Ibadan?

Ɗan Sabo:
Watan Fabrairu na 2021 ba za mu manta da shi ba. Saɓani ne tsakanin mutum biyu a kasuwa, mutum ya mutu, kafin a ankara an ƙona shaguna da gidaje, an rasa rayuka ta kowane ɓangare. Mutane da yawa suka kwashe iyalansu suka fake a gidan Sarkin Sasa, wato sarkin Hausawan Shasha, marigayi Alhaji Haruna Maiyasin, ya buɗe ƙofa ya karɓe su. Gwamnonin Kano da Kebbi da Neja da Zamfara suka zo suka zagaya kasuwar tare da Gwamna Makinde. Abin da labarai ba su ɗauka sosai ba shi ne Yarbawan da suka ɓoye maƙwabtansu Hausawa a ɗakunansu, da Hausawan da suka yi wa Yarbawa haka. Na san wata tsohuwa mai sayar da ganyen miya da ta kulle yara uku a shagonta ta zauna a bakin ƙofa har ƙura ta lafa. Yanzu ana zaune lafiya, ana ciniki, amma wasu da suka tafi ba su dawo ba. Shugaba, ka sa Sarkin Sasa a jerin nan.

Shugaban Zaure:
Na sa shi. Ɗan Sabo, aiki ya hau kanka. Ka zauna da dattawan unguwa ka samo mana tarihin sarakunan Hausawan Sabo da manyan masu gida, mu ajiye a zaure.

Baba Mai Goro:
Ɗana, in za ka je kada ka je da safe, suna kasuwa. Ka bari sai bayan la'asar, ka riƙe goro ko da kaɗan ne. Kada ka tsaya kan sarakai kawai. Ka tambayi wane maigida ne mutanen Katsina ke sauka wurinsa, wane ne na Barebari, wane ne na mutanen Damagaram. Ka tambayi malaman da suka riƙe zawiyoyi da makarantun allo. Ka shiga cikin gida wurin tsofaffin mata, su ne suka dafa tuwon baƙin nan, sun fi maza sanin wanda ya sauka da wanda ya tafi da bashi. Ka ɗauki muryarsu a waya in sun yarda.

Ɗan Sabo:
In sha Allahu Baba, ranar Juma'a zan fara da layinmu.